Amsa ga Maman Ilham kan kajin da ke firiza

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananmu, ya kasuwa? Maman Ilham, na ji saƙonki tun asuba, hannuna ne ke cikin kwaɓin fanke, ki yi haƙuri. Kin ce taransifomar layinku ta ƙone tun shekaranjiya, ga kaji goma sha biyar a firiza, ga kunun aya, ga ragowar shinkafa, shin za su sayu?

To ƙanwata, firiza in cike take kuma ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar awa 48. In rabi ce, awa 24. Firij kuwa awa 4 ne kacal. Amma fa in ba a buɗe ba na ce, mu kuwa kin san halin yaranmu da neman ruwan sanyi. Ki sa hannu ki taɓa kajin. In da sauran ƙanƙara a jikinsu, ki soye su yau yau ɗin nan, su soyu har ƙashi. In sun saki sun yi ɗumi, jini ya kwanta a ƙasan firizar, sai haƙuri. Kar ki ce bari in sunsuna. Ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa ba lallai su yi wari ba, kuma citta da tafarnuwa wari kawai suke rufewa.

Shinkafar nan ita na fi tsoro wallahi. Dafaffiyar shinkafa in ta kwana a waje, akwai gubar da take tarawa wadda ɗumame ba ya kashe ta, ko kin mayar da ita dafa-duka. Kunun aya kuwa ba sai na faɗa miki ba, zubar.

Lokacin duhun nan na watan Oktoban 2024, da Arewa ta fi mako babu wuta, ni ma na yi asarar nama, na yi kuka na share hawayena. Tun daga nan kullum ƙasan firizata cike yake da gorunan ruwa masu ƙanƙara, in an ɗauke wuta in lulluɓe ta da bargo, in sa kwaɗo. Cefane kuma na kwana biyu nake yi, ba na tarawa.

Ki aika a sayo miki ƙanƙara yanzu, ki jera abin da ya tsira a kula, ɗanyen nama daban, dafaffe daban. In kin samu aron janareta, a tsakar gida za a ajiye shi, nesa da taga, hayaƙinsa na kisa. Bari in duba mai, ina jin ƙauri.