Kuɗin gida da ƙarfin jikin 'yan makaranta

Hajiya, kin tambaya ko 'ya'yan masu hali sun fi 'ya'yan talakawa ƙarfin jiki, tunda sun fi su cin mai kyau. Ni malamin motsa jiki ne a Kano, na koyar a makarantar gwamnati, na kuma koyar a ta kuɗi, ga abin da idona ya gani.

In gudu ne, ɗan talaka ke gaba. Da ƙafa yake zuwa makaranta, da ƙafa yake komawa, ga ɗibar ruwa, ga aike, da la'asar kuma ana can ana langa ko ƙwallo a lungu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, shi kuwa kafin azahar ya cika nasa. Sai dai fa wahala daban, lafiya daban. Ranar gasar wasanni za ki ga yaro ya tashi da ƙarfi, yana zagaye na biyu jiri ya kwashe shi, in kin bincika ko koko bai sha ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Da wannan jikin suke shigo mana aji ɗaya.

Ɗan mai kuɗi sosai ba ya ba ni tsoro. Direba ke kai shi, gaskiya ne, amma makarantarsu na da fili, wasu har da wurin ninƙaya.

Waɗanda ke damuna 'ya'yan masu rufin asiri ne, irinmu ma'aikata. Mun tattara kuɗi mun kai su makarantar da asalinta gidan haya ne, an mayar da ɗakuna azuzuwa, tsakar gidan da ta rage ko layin asambile ba ta ɗauka. Adaidaita ta ɗauko su da safe, ta sauke su, su ci Indomie, a wuce Islamiyya, a dawo a karɓi waya. Ba a barin su fita don gudun yaran banza, kuma ban ga laifin iyaye ba a nan. Irin wannan yaron in na ce ya zagaya fili sau ɗaya, sai ya dafe gwiwa yana haki. Mata abin ya fi muni, don da yarinya ta fara girma ake cewa ta daina tsalle-tsalle, 'yar gala-galar ma a hana ta.

Don haka kafin ki biya kuɗin makaranta, ki je daidai lokacin tara, ki ga inda yara ke wasa, ki tambaya ko darasin motsa jiki a fili ake yin sa ko a allo. In makarantar na kusa kuma hanya lafiya, ki haɗa su da yayansu su taka. 'Yan matan kuma ki saya musu igiyar tsalle, tsakar gida ta ishe su.