Filin Tambayoyin Malamai: Sun Haddace ABCD, Amma Karatu Ya Gagara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a aji biyu na firamare, ɗalibaina sun haura sittin. Sun haddace ABCD tas, duk abin da na karanta a allo suna amsawa, amma in na ware yaro na nuna masa kalma sai ya yi zuru. Ina matsalar take?
Wata malama daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hadda yaranki suka yi, ba karatu ba. Sunayen haruffa suka sani, ba sautinsu ba. Yaron da ya ce "si, e, ti" ba yadda za a yi ya haɗa su su ba shi *cat*. Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa wajen 44.

Fara da shida: s, a, t, i, p, n. Sauti ɗaya a rana, minti ashirin ya isa. Da waɗannan kaɗai yaro zai karanta *sat, pin, tap, sit*. Ki yanka kwali, ki rubuta harafi ɗaya ɓaro-ɓaro a kowane yanki. Yara uku su fito gaban aji riƙe da s, a, t, su tsaya nesa da juna. Aji na furta sautukan, su kuma suna matsowa, har kafaɗunsu su haɗu kalmar ta fito. Sai ki zaunar da mai s, mai p ya maye gurbinsa. A nan asirin mai hadda ke tonuwa, domin zai sake cewa *sat*. Ki rufe darasi da shifta ta kalma uku.

Ki kula da inda Hausa ke jan harshensu. Harafin c na "ciki" ba shi ne na *cat* ba, ki faɗa musu haka ƙarara. Sai p da f: yaro ya riƙe 'yar takarda gaban baki ya ce *pan*, ya ga ta yi tsalle. Wajen *fan* kuwa, haƙoran sama ne ke hawa leɓen ƙasa. Za ki kuma ji "sitof" a maimakon *stop*, saboda Hausa ba ta fara kalma da sautukan baƙi biyu a jere. Irin su *the* da *said* ba sa bin ƙa'ida, su ne za a haddace, biyu ko uku a mako.

Amshin taro yana ɓoye na baya. Kullum ki saurari yara biyar ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Ya dace in ci tarar duk wanda ya yi Hausa a aji?
Wani malami daga Azare

Amsa: A'a, Malam. Tara ba ta sa yaro Turanci, shiru take sa shi. Yi bayanin ma'ana da Hausa a taƙaice, sannan ka ba su jimla ɗaya, kamar *What is this?*, su tambayi juna bibbiyu suna nuna biro, jaka da takalmi.