Tambaya da Amsa: Ƙara rubutu a ƙarshen fayil

Tambaya: Assalamu alaikum. A kwamfuta mai Linux nake ajiye lissafin shagona. Na buga `echo "siminti buhu 3" > ciniki.txt`, sai na tarar lissafin baya duk ya ɓace, layi ɗaya ya rage. Me ya jawo? Daga mai shagon kayan gini, Sabon Gari, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Alamar `>` guda ɗaya share fayil take yi tas kafin ta zuba sabon rubutu. Ba ta tambaya, kuma abin da ta share ba ya zuwa kwandon shara, sai dai in kuna da kwafi a wani wuri. Biyu ake sawa: `echo "siminti buhu 3" >> ciniki.txt`. Wannan a ƙarshe take ɗorawa, in babu fayil ɗin ta ƙirƙiro shi. Don gudun ɓacin rana, ku sa `set -o noclobber` cikin `~/.bashrc`, fayil ɗin saitin bash (manhajar da ke karɓar umarninku a Linux), daga nan bash zai ƙi share fayil da `>`.

Masu cmd, wato wurin buga umarni na Windows, kuwa, akwai tarko. In aka buga `echo buhu 2>>ciniki.txt`, cmd na ɗaukar 2 ɗin a matsayin hanyar saƙon kuskure, "buhu" ya fito a allo, fayil bai samu komai ba. A juya shi: `>>ciniki.txt echo buhu 2`.

Tambaya: Ina ƙara sunayen ɗalibai da PowerShell, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ na komawa alamar tambaya, alhali é na fita lafiya. Daga wata malamar makaranta, unguwar Zariya.

Amsa: Malama, PowerShell 5.1 ne wanda ke zuwa da Windows. `Add-Content` ɗinsa, umarnin ƙara rubutu a fayil, na amfani da tsohon tsarin haruffa, wanda a Windows na Faransanci Windows-1252 ne: yana da é, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Ki rubuta `Add-Content sunaye.txt "ɗalibai" -Encoding UTF8`. Kada ki koma ga `>>` a nan, don wani tsarin haruffa daban, UTF-16, yake zubawa, ya cakuɗe da tsarin UTF-8 ɗin da Notepad ya ajiye. Sunayen da suka riga suka lalace, sai an sake buga su da hannu. PowerShell 7 kam da UTF-8 yake aiki tun farko.