Saba ɗaya a madadin kwamfutoci uku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Gombe. Muna da tsofaffin kwamfutoci uku: ta manhajar jarrabawa, ta ofishin akawu, da wadda malamai ke ajiye fayiloli. Mai makarantar ya sayo mana saba ta hannu, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, Dell PowerEdge R730, ram ɗinta gigabait 64. An ce min zan iya haɗe ukun duka a cikinta. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka, kuma wannan saba za ta ɗauki aikin har da rara.

Abin da kake buƙata shi ne haifabaiza, wato manhajar da ke zama a kan injin ta raba firosesa da ram da faifai tsakanin kwamfutocin da kake ƙirƙira a ciki, waɗanda masu aikin ke kira VM. Ka ɗauke ta kamar mai gidan haya: gida ɗaya, kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa, amma mitar wuta ɗaya ce. Akwai irin VirtualBox da ake ɗorawa a kan Windows, wannan na gwaji ne a laptop, kada ka kai ta kusa da aikin makaranta. Wadda ake girkawa kai tsaye a kan injin ita ce taka: VMware ESXi, ko Hyper-V ta Microsoft, ko Proxmox VE. Ni Proxmox zan ba ka shawara. Wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya ke fitar da ita tun 2008, an gina ta a kan Debian, wani nau'in Linux, da KVM, haifabaizar da ke cikin Linux, kuma kyauta ce sai dai in kana son biyan kuɗin tallafi. VMware kuwa tun da Broadcom ta saye ta a ƙarshen 2023 tsarin lasisinta ya sauya, kuma ƙaramar makaranta ba ta buƙatar wannan ciwon kai.

Girkawar ba ta da wuya. Ka shiga BIOS ka tabbatar an kunna Intel VT-x, saitin da ke ba firosesa damar tafiyar da VM, ka sa fayil ɗin girka Proxmox (ISO) a filasha, ka ba sabar adireshin IP da ba ya canzawa. Daga nan duk aikin a burauza ne, ta adireshin nan da lamba 8006 a ƙarshe. Faifai dai kada ka yi rowa: SSD biyu aƙalla, kowanne kwafin ɗan'uwansa. In za ka yi amfani da ZFS, tsarin adana fayiloli da ke iya yin wannan kwafin, sai ka mayar da PERC, katin Dell mai sarrafa faifai, zuwa yanayin HBA, inda yake miƙa faifan kai tsaye, domin ZFS na son ganin faifan da kanta, ba ta bayan haɗin faifan da katin ke yi ba, wato RAID.

Wajen rabo ne mutane ke zarce gona da iri. Firosesa tana jure a raba ta fiye da kima, ram ba ta jurewa. A cikin 64 ɗinka ka bar wa Proxmox kanta 8, ka ba jarrabawa 24, akawu 8, fayiloli 8. Sauran 16 ka ƙyale su a ajiye, ranar buƙatarsu na zuwa. VM ɗin Windows ka sa masa direbobin VirtIO don ya gane faifai da katin netwok na VM, kuma kowane VM ka girka masa QEMU Guest Agent, ƙaramar manhajar da Proxmox ke magana da VM ta hanyarta. Ka kuma sani lasisin Windows Server Standard VM biyu kawai yake ba ka a kan saba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, domin mitar nan ɗaya ce. A da in kwamfutar akawu ta mutu, ɗalibai na ci gaba da jarrabawa. Daga yanzu in sabar ta tsaya, makarantar ce gaba ɗaya ta tsaya. Kuma a wajenmu abin da ke kashe saba ba kasafai yake zama manhaja ba. Ana ɗauke wuta, kafin mai gadi ya tada janareta ya juya canji, injin ya mutu yana tsakiyar rubutu a faifai, sai bayanan sakamakon ɗalibai su lalace. Inbata da sola suna taimakawa ƙwarai, amma duk da haka ka nemi UPS mai kebul ɗin USB, ka girka NUT, manhajar da ke sa ido a kan UPS, a kan Proxmox, yadda in batir ya kusa ƙarewa sabar za ta rufe VM ɗaya bayan ɗaya sannan ta kashe kanta lafiya. Nan ne amfanin Guest Agent ɗin yake fitowa. Bayan ka gama, wata Asabar da babu kowa ka zare wayar UPS ɗin daga bango, ka zauna ka kalli abin da zai faru da idonka. Kada ka yarda da saitin da ba ka gwada ba.

Zafin Maris da Afrilu a Gombe ka san shi, ga ƙurar hunturu. Ɗaki mai esi, a ɗaga sabar daga ƙasa, a riƙa hure ƙurar. Allon iDRAC, wato shafin Dell na lura da lafiyar saba, zai nuna maka zafinta, ka riƙa leƙawa.

Sai ajiyar kwafi. Za ka ga maɓallin sinafshot ka ji daɗinsa, don cikin daƙiƙa yake mayar da VM yadda yake kafin ka taɓa shi. Yana da kyau kafin sabunta manhaja, amma a kan faifan nan ɗin yake zaune, in faifan ya tafi tare za su tafi. Ka tsara Proxmox ta riƙa ɗaukar cikakken kwafi kowane dare zuwa wani faifai dabam, sannan duk mako a kwafa a faifan waje a kai ofishin shugaban makaranta ko gidansa. Sau ɗaya a wata ka dawo da kwafi ɗaya a sabon VM, ka cire masa katin netwok don kada adireshinsa ya yi karo da na asali, ka buɗe ka ga ko takardun akawu na jiya suna nan.

Kada ka kwashe ukun rana ɗaya. Fara da fayilolin malamai, bayan mako biyu akawu, jarrabawa kuwa sai an tafi hutu. Tsofaffin kwamfutocin ka kashe su ka ajiye ba tare da goge komai ba har zango ɗaya ya wuce, ko da mai makaranta ya matsa a raba su ga ofisoshi.