Tambaya da Amsa: Cin Hanci a Hukumar FIFA

Tambaya: Malam, don Allah me ya sa Amurka ce ta gurfanar da jami'an FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, a 2015, alhali hedkwatar hukumar tana Suwizalan? Kuma an samu gyara kuwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Dalilin shi ne kuɗaɗen toshiyar bakin da ake zargi, waɗanda suka haura dala miliyan 150, sun bi ta bankunan Amurka, kuma dokokin ƙasar sun ba masu gabatar da ƙara ikon bin sawun duk kuɗin haram da ya ratsa ta hannunsu. Saboda haka ne a ranar 27 ga Mayu, 2015, 'yan sandan Suwizalan suka kama jami'ai bakwai a wani otal da ke Zurich bisa buƙatar Amurka. Tun kafin nan ma, a 2010, FIFA ta dakatar da Amos Adamu na Najeriya, ɗan kwamitin zartarwarta, na shekara uku kan zargin neman kuɗi domin ƙuri'arsa ta zaɓen mai karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya.

Game da gyara kuwa, a 2016 an ƙayyade wa'adin shugaban hukumar zuwa shekara 12, kuma yanzu dukkan ƙasashe mambobi ne ke zaɓen mai karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya, maimakon 'yan kwamiti ƙalilan da sayensu ba shi da wuya. A ganina wannan na biyun ya fi tasiri, ko da yake gasar 2034 an miƙa wa Saudiyya ita ba tare da abokiyar takara ba.