Tambaya da Amsa: Tukunyar da ke ɓacewa duk girki

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ɗalibi ne ni a jami'ar KNUST, ina zaune a Asawase, nan Kumasi. Ina rubuta wasan rubutu zalla da Python, yaren shirya manhajar kwamfuta, irin wanda jama'a ke shiga lokaci guda ta intanet, kuma a zango labarin ke gudana. In ɗan wasa ya rubuta "dafa shinkafa wake kanwa" sai ya samu waakye. Amma in ya fara ambaton wake sai abin ya ƙi, tukunya kuma ɓacewa take yi duk girki. Sharuɗɗan "if", wato in kaza a yi kaza, sun cika mini shafi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsohuwar sana'a ka shiga. Tun 1978 Roy Trubshaw ya fara MUD, wasan rubutu na mutane da yawa irin naka, a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ɗora a kai, Lars Pensjö kuma ya fito da wani irinsa, LPMud, a 1989.

Ciwonka ɗaya ne: ka cusa girkin a cikin umarnin "dafa". Fitar da shi. Yi jadawali daban, kowane layi da gida uku: abin da za a cinye, abin da za a yi aiki da shi a mayar, da abin da zai fito. Shinkafa, wake da kanwa a gidan farko. Tukunya da murhu a na biyu, a duba suna nan kawai, kar a taɓa su. Ran da ka so ƙara koko ko tuwon zafi, layi ɗaya za ka ƙara, umarnin na nan yadda yake.

Batun kayan da aka fara ambata kuwa, ka jera kayan da sorted, umarnin Python mai jera abubuwa bisa tsari, kafin ka nemi girkin a jadawali. Wasu za su ce maka set, tarin abubuwa marar jeri a Python, ya fi sauƙi. Kar ka biye musu, domin set ba ya riƙe abu ɗaya sau biyu, girkin da ke son gawayi biyu zai wuce da guda. Counter, mai ƙirga adadin kowane abu, ya fi set dacewa. Kuma ka kwatanta lambar kaya ko alamar da ka maƙala masa, ba sunan da ake gani a allo ba, in ba haka ba "tsohuwar tukunya" za ta ƙi dahuwa.

Ga wanda ba ka tambaya ba, shi ya fi damuna. Ka fara tabbatar da komai ya cika, sannan ka share kayan, ka ƙirƙiri abincin, ka adana duka a tashi ɗaya. In ka sa girki ya ɗauki daƙiƙa talatin, wani mai wayo zai miƙa wa abokinsa shinkafar ana tsakiyar dahuwa, ya ci waakye, shinkafa tana nan. Ka kulle kayan tun farko, ko ka sake dubawa a ƙarshe. Haka in dumsor, ɗaukewar lantarkin nan ta Ghana, ta ɗauke wuta tsakanin sharewa da adanawa, wani zai tashi da asara, wani da ninki biyu.

Leƙa Evennia, manhajar gina irin wannan wasa, da Python aka gina ta bisa wasu manhajoji biyu, Django da Twisted, tana da sashen ƙere-ƙere da ya raba kayan aiki da kayan cinyewa kamar haka. Ko ba za ka koma can ba, ka karanta shi.

Tukunyar nan ma kar ta dawwama. Ba ta adadin girki, in ya cika ta fashe, don mai sayar da tukwane a kasuwar wasanka ya samu ciniki. Waakyen kuma ya lalace in ya kwana.