Me ya sa aka yi ta ja da sarautar Elizabeth ta Farko?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Sarauniya Elizabeth ta Farko ta Ingila ta sha fama a farkon mulkinta, wasu na cewa ba ta cancanci gadon ba. To ba 'yar sarki ba ce? Kuma ina ruwan addini da wannan magana? Daga wata ɗalibar tarihi.

Amsa: 'Yar sarki ce kam, Henry na Takwas ne ubanta. Rigimar tana kan auren uwarta ne, kuma a nan addini ya shigo, domin a wancan zamani wanda ke da ikon cewa aure ya ɗauru ko bai ɗauru ba shi ne Paparoma.

Henry ya so rabuwa da matarsa Catherine don ba ta ba shi ɗa namiji da ya rayu ba. Paparoma ya ƙi warware auren, sai Henry ya raba cocin Ingila da Roma ya auri Anne Boleyn. An haifi Elizabeth a Satumban 1533, Catherine na nan da ranta. Don haka a idon Katolika, yarinyar 'yar gaba da fatiha ce. Abin takaicin, uban da kansa ya ƙara wa maganar gishiri: a 1536 ya sa aka fille wa Anne kai, majalisa kuma ta yi dokar da ta ce Elizabeth ba 'yar halak ba ce. Daga baya an mayar da ita layin magada, amma ba a goge wancan tambari ba.

Da ta hau gado ranar 17 ga Nuwamba 1558, tana da shekara 25, ƙasar na hannun Katolika. Yayarta Mary, 'yar Catherine, wadda ta yi sarauta kafin ita, ta mayar da Ingila ƙarƙashin Paparoma, an kuma ƙona Furotesta, wato Kiristocin da ba su bin Paparoma, kusan 280 a zamaninta. Manyan bishop-bishop suka noƙe wajen naɗin, sai na Carlisle, Owen Oglethorpe, ne ya ɗora mata kambi a Janairun 1559.

Ki lura da tarkon da take ciki. In ta yarda da ikon Paparoma, ta yarda ke nan da hukuncin da ya rushe auren uwarta. Shi ya sa ni a ganina, ko da ba ta tashi da aƙidar Furotesta ba, da wuya ta bi wata hanyar. Yayarta da ta hau mulki ta sa majalisa ta tabbatar da auren tata uwar. Elizabeth ba ta yi haka ba. Ta karɓi dokar da ta ce ita ce halastacciyar sarauniya, ta bar zancen auren a kwance, domin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka kanta.

A 1559 aka yi dokoki biyu na addini. Ɗaya ta ba ta shugabancin coci, amma da laƙabi mai sauƙi na mai kula da shi, ba kansa ba kamar yadda ubanta ya kira kansa, saboda da yawa ba su yarda mace ta zama kan coci ba. Ɗayar ta tilasta littafin addu'a guda da Turanci, kuma da kyar ta tsallake majalisar manya, ƙuri'a 21 da 18. Wanda ya ƙi zuwa coci ran Lahadi tararsa sule ɗaya. Talaka zai ji a jikinsa, mai hali kuwa ya biya ya yi addu'arsa a gida. Bishop-bishop ɗin Mary kusan duk suka ƙi rantsuwar, aka tuɓe su. A can gefe kuma masu tsattsauran ra'ayin Furotesta na ƙorafin cewa gyaran rabi da rabi ne.

Babban haɗarin shi ne akwai wadda za a iya naɗawa a madadinta: Mary sarauniyar Sikotlan, Katolika, jikar yayar Henry. Ta gudo Ingila a 1568 aka tsare ta. Shekara ta zagayo, manyan arewacin ƙasar suka yi tawaye, har aka yi ibadar Katolika a babban cocin Durham kafin a murƙushe su. A 1570 Paparoma Pius na Biyar ya kori Elizabeth daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibcin yi mata biyayya. Wannan takarda Katolikan Ingila ta fi cutarwa, domin daga nan aka fara kallon kowannensu a matsayin mai iya cin amanar ƙasa. A 1581 tarar sule ɗaya ta koma fam 20 a wata, aka kuma shiga kashe limaman Katolika da ke shigowa a ɓoye. Masu yabon sassaucinta sukan manta da wannan ɓangare.

Mary ta Sikotlan an fille mata kai a 1587 bayan makircin Babington na kashe Elizabeth a naɗa ta, jiragen yaƙin Sifaniya da suka zo kai wa Ingila hari kuma suka sha kashi a 1588. Elizabeth ba ta yi aure ba, ta kuma ƙi bayyana magaji duk matsin majalisa. Da ta rasu a 1603, ɗan Mary ɗin nan, James, wanda aka rena a Furotesta, shi ya gaje ta.